Na Ara wa Fatalwa Murya a Coci

Na sha wuya a New York, kuma ba irin wuyar da ake ba da labarinta ana dariya ba ce. Sanyi ya ci ni, mutane sun cuce ni, ƙafafuna sun kumbura. Amma abin da ya fi damuna shi ne bakina da ya mutu. Ni da ake kira Sale Lasifika a Funtuwa, sai ga ni ina wuni ina kwana ban furta komai ba in ba karatun salla ba.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Tun ina saurayi a gidan kallo nake aiki, rumfar kwano ce da bencina da talabijin guda. Kasusuwan bidiyonmu tsofaffi ne, sau da yawa ana tsakiyar kallo sai murya ta ɗauke, hoto ya ci gaba da tafiya. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya. Da farko za ka ji dariya a inda babu abin dariya, sai fito, sai a fara dukan benci, daga nan kuma sai jifa. Kafin a kai ga fito maigidana yake cewa in tashi. Sai in tsaya a hagun talabijin in yi muryar kowa: jarumi, budurwa, ɓarawo, har doki in ta kama. Ban san yarensu ba, bakinsu nake kallo in sa musu magana. Abin ya kai wasu samari na roƙo a kashe muryar da gangan. Doka ɗaya maigidana ya koya mini, kada a bar hoto yana tafiya babu mai magana.

Zangona na farko a ƙasar nan Highbridge ne, wajen wani mutumin garinmu, Ɗanliti. Gadon da ya ba ni na karɓa-karɓa ne, in na tashi wani ya kwanta, katifar ba ta taɓa hucewa. Ya sayar mini da keke mai batir don in riƙa kai abinci gidaje, ya rantse mini sabo ne. Unguwar kuwa tudu ce, wasu titunanta ma matakala ne zalla. Batirin nan kamar ya san hanya, da mun iso gindin tudu sai ya mutu. Haka zan sauka in tura, abincin mutane yana hucewa a bayana. Da na kai masa ƙara sai ya ce kowa da haka ya fara, ya ci gaba da danna waya. A wannan aikin ba fuska nake gani ba, hannu nake gani. Ƙofa ta buɗe kaɗan, hannu ya fito ya karɓi leda, ƙofa ta rufe. Mutum ɗaya ce ta taɓa buɗewa duka, wata tsohuwa da ba ta jin Turanci kamar yadda ba na ji. Ta dubi yatsuna da suka yi fari don sanyi, ta koma ciki ta kawo mini safar hannu ta namiji. Har yanzu suna nan.

Zango na biyu Mount Hope. Na samu wanke-wanke a ƙarƙashin wani gidan abinci, inda injin wanki ke ruri tun safe, ko ka yi magana kai ma ba za ka ji kanka ba. Waɗanda muke gida ɗaya yara ne masu ilimi, ma'aikatan asibiti, masu ladabi. Baba suke ce mini, suna ajiye mini abinci. Amma Hausarsu rabinta Turanci ne, kuma in na ɗauko labari, kafin in kai tsakiya idonsu ya koma kan waya. Sai na daina ɗaukowa. A gidan nan na fara wani irin mafarki. In ga tsakar gidanmu tarwai, matata Talatu na daka, taɓarya na hawa tana sauka, kaji na buɗe baki, yara na guje-guje, amma babu ƙara ko kaɗan. In buɗe baki in yi sallama, ni ma babu.

Talatu kan aiko da saƙon murya mai tsawo, har da labarin akuyar maƙwabta. Ni kuwa amsata ba ta wuce lafiya lau nake, a gai da yara. Me zan ce mata? In ce ina tura keke a tudu? Wata rana ta aiko da gajere, irin nawa.

"Malam, ko yanke maka harshe aka yi a can? Auta ta tambaye ni yaya muryarka take, na rasa abin da zan ce mata."

Na saurara har wayar ta yi zafi a hannuna. Na ƙudura a raina cewa ranar da na samu aiki tsayayye, wanda mutum zai faɗa da bakinsa bai sunkuyar da kai ba, ranar zan yi mata magana doguwa. Kafin nan a'a. Ba a jima ba gidan abincin ya canja hannu, aka sallame mu.

Zango na uku Tompkinsville, tsallaken ruwa. Wani da muke sahu ɗaya a masallaci ya haɗa ni da Hajiya Ramatu, mutuniyar Kumasi, 'yar Zango, unguwar Hausawan can. Tana da shagon gari da manja da busasshen kifi, kuma da rana tana kula da wani tsohon Bature mai suna Mista Walta. Mace ce mai jiki, mai ciwon gwiwa, bakinta ba ya ajiye magana. Ta ba ni wurin kwana a bayan shago tsakanin buhuna, ta ce zuwa ƙarshen wata kayanta za su iso, wurin zai cika. Ita ce ta samo mini gwajin aiki. Tsohon nata makaɗi ne a wata tsohuwar coci a cikin gari, kuma suna neman mai shara na dindindin. Za su gwada ni, in na yi kyau har zuwa daren da za su nuna fim, su ɗauke ni.

Na ce mata coci fa. Ta harare ni.

"Shara aka ce ka yi, Malam Sale, ba a ce ka yi musu limanci ba. Kuma kai ba ɗan silima ba ne? Aikinka ne ya zo har gida."

Kullum da safe sai in shiga wani jirgin ruwa da ba a biya, in tsallaka cikin gari. Hazo kan kwanta a kan ruwa, dogayen gine-ginen su fito daga ciki a hankali kamar ba a ƙasa suke tsaye ba. Sau da yawa ban san ko barci nake ko ido biyu ba har sai jirgin ya daki gaɓa. Cocin ta dutse ce, baƙi-ƙirin don tsufa, an kewaye ta da kaburbura da rubutunsu ya goge. Cikinta sanyi da ƙanshin kyandir da tsohon katako. Tagoginta gilashi ne kala-kala, in rana ta fito sai ja da shuɗi su zubo a ƙasa, in yi ta sharewa suna nan. Mai kula da wurin wata mace ce siririya mai furfura, Madam nake ce mata. Da hannu muke magana. Ta nuna mini ɗakin tsintsiya, da ta ga na shimfiɗa kwali ina salla a ciki, washegari na tarar ta sa an kwashe bokitai an share mini gefe guda.

Can sama ta baya akwai wani ɗan bene, nan abin kiɗan yake, ogan suke ce masa. Bututai ne na ƙarfe jere a bango, wasu kamar yatsa, wasu sun fi turmi kauri, sun kai rufi. Ranar da na fara jin sa ina tsakiyar shara. Ban ji shi a kunne ba tukuna, a tafin ƙafa na ji shi, ya hau ta sandar tsintsiya ya shiga haƙorana. Na ɗaga kai na hango Mista Walta, ɗan ƙaramin tsoho, yana taɓawa da hannu yana takawa da ƙafa, Hajiya na zaune gefensa tana ɓare gyaɗa. Kullum ni ke tallafa masa ya hau matakalar, don ƙunci gare ta. Ba shi da nauyi, kamar ka ɗauki damin kara.

Ranar fim ta zo a ƙarshen Oktoba, lokacin da mutanen ƙasar ke bikinsu na shigar matattu. Tun a jirgi na zauna kusa da wata da ta zana ƙoƙon kai a fuskarta tana cin biskit. A ƙofofin gidaje an fafe kabewa an yi mata ido da baki. Babu wanda ya damu, ni ma na gaji da mamaki. Da la'asar wasu samari suka zo da majigi, suka rataya farin kyalle babba a gaba. Na tsaya ina kallon aikinsu da idon wanda ya san aikin, na ga ba su kafa lasifika ko ɗaya ba. Na je na taɓa kunnena na nuna kyallen. Ɗayan ya yi murmushi, ya nuna mini bututan sama, ya ɗaga babban yatsa. Na ce to, ashe ta can muryar za ta fito, ƙasar Turawa ce.

Madam ta ara mini baƙar kwat da tocila. Ta kai ni bakin ƙofar gefe, ta nuna ƙasa da yatsa har sau biyu, ma'ana nan ne wurina, kada in gusa. Na yi magariba a ɗakin tsintsiya na roƙi Allah ya sa a dace. Da na fito wuri ya cika, masu fuskar gawa da masu fukafukai da tsofaffi cikin rigunan sanyi, duk sun zauna a bencin ibada suna raɗa. Aka kashe fitilu. Kiɗa ya taso daga ƙarƙashin ƙasa.

Fim ɗin baƙi da fari ne, yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Wani gida a bakin tafki, mace da mijinta. Mijin ya shiga kwalekwale, ta tsaya tana yi masa magana. Bakinta na motsi. Na kasa kunne wajen bututan, babu komai sai kiɗa. Na ce wataƙila farko ne. Kwalekwalen ya dawo babu kowa a ciki, matar ta faɗi tana kuka, baki buɗe, babu kuka. Sai hoton ya ɗauke, baƙin allo ya fito da farin rubutu. Na san wannan, haka talabijin ke yi a gida in abu ya lalace, a rubuta a yi haƙuri ana gyara. Hoto ya dawo, har yanzu babu murya. Rubutun ya sake fitowa. Suna ta ba da haƙuri, gyara ya ƙi.

Na ɗaga kai sama. Tsohon nan yana ta fama, hannu da ƙafa, kafaɗunsa na rawa a ɗan hasken fitilarsa. Na ce Allah sarki, shi kaɗai yake rufa musu asiri, kuma ƙarfinsa nawa ne. A kyalle kuwa dare ya yi, sawun ƙafa jiƙaƙƙu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga tafki zuwa ƙofar matar. Sai ga mijin a taga, fuskarsa kamar an shafa toka, ruwa na zuba daga gashinsa, yana buɗe baki yana rufewa kamar kifi. Nan wani ya yi dariya. Wasu suka taya shi. Dariya a inda babu abin dariya. Na waiga na hango Madam a baya ta rufe baki da hannu. Matar da ta share mini wurin salla, yau za a farfasa mata bencina.

Ban tuna na yanke shawara ba. Na dai ga tocilar a kan benci, ni kuma ina tafiya a tsakiyar mutane. Na tsaya a hagun kyallen, inda na saba tsayawa. Na fara da muryar matar, siririya, tana tambayar wane ne a waje. Abin da ya fito ya ba ni tsoro. Ginin ya karɓi muryar ya kai ta rufi, ya juya ta, ya dawo mini da ita ta cika, kamar ba tawa ba. Kiɗan ya yi tuntuɓe, ya tsaya cak. Wani ya yi tsaki daga gaba. Na ci gaba, don in ka fara ba a tsayawa.

Da na zo kan mijin, niyyata in yi masa muryar dodo, mai kauri, yadda yara ke so. Amma na dubi fuskar nan a jikin gilashi, na ga ba mugunta a cikinta. Mutum ne da ya jiƙe, yana jin sanyi, yana leƙen ɗakinsa daga waje. Sai na ji bakina yana cewa:

"Talatu, buɗe, ni ne. Ban mutu ba, nisa ne kawai. Ina ganinku kullum, ke da yara, ina yin sallama ba kwa ji."

Sai kiɗan ya dawo, amma ba kamar da ba. Ya shigo ta ƙasa a hankali, ya kwanta a ƙarƙashin maganata, kamar yadda mai kalangu ke jiran mawaƙi. In na ja numfashi ya cike gurbin, in na ɗauko ya sauka. Na gaya mata ruwan nan sanyi gare shi. Na gaya mata a ƙarƙashinsa akwai tudu, ana tura keke ba a kaiwa ƙarshe. Na ce hannaye kawai nake gani, na manta yadda ake kallon mutum a ido. Ƙura na yawo a cikin hasken majigi kamar ƙananan kifaye, fuskokin gawa sun jeru a bencina suna kallona, babu mai motsi, babu mai dariya. Na ɗauka mafarkina ne na Mount Hope, sai dai wannan karon an kunna murya. A kyalle matar ta tashi da fitila, ta nufi ƙofa, ta ɗora hannu a kan sakata.

Nan na ji an kama hannun kwat ɗina. Madam ce. Ba ta ja da ƙarfi ba, amma ba ta saki ba. Ta fitar da ni ta ƙofar da aka ce in tsare, wadda na bari a buɗe, wasu da suka makara suna tsaye a duhu babu mai nuna musu wuri. Na zauna a ɗakin tsintsiya ina jin kiɗan ta bango har aka tafa.

Hajiya ce ta fara shigowa, tana dafa bango, hawaye a fuskarta. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Da kyar ta yi mini bayani. Babu abin da ya lalace. Fim ɗin tun zamanin kakanni aka yi shi, lokacin da ba a iya sa murya ba, haka yake, bebe. Rubutun nan maganar 'yan wasan ce. Kiɗan tsohon shi ne muryar, shi mutane suka zo ji. Dariyar kuwa ta jin daɗi ce, Madam ma dariya take ɓoyewa. Na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba. Ta ce ina ta san ɗan silima bai san silima ba, kuma da ta ji na fara ta so ta sauko, gwiwa ta hana.

"Amma kai ma, Malam Sale. Ka kira sunan iyalinka a gaban Turawa cike da coci. Ni kaɗai na ji, ni kaɗai na ji kunya."

Madam ta zo, ta yi magana a hankali, Hajiya na juya mini. Ta ce wasu sun yi ƙorafi, wasu kuma sun tambaya ko zan sake yi a wani nunin. Ta gane nufina, ta gode. Amma ba za ta iya ɗaukar wanda aka ba ƙofa ya bar ta ba, ga duhu ga jama'a. Ban yi gardama ba, gaskiyarta ce. Aikin dai ban samu ba.

Duk da haka na hau na sauko da Mista Walta, don babu mai yi. A tsakiyar matakala ya tsaya yana haki, ya riƙe wuyan hannuna, ya tambayi Hajiya me mataccen ya ce. Ta ce masa maganar cikin gida ce. Ya gyaɗa kai, ya ce shekaru yana yi wa mutumin nan kiɗan fushi, yau ya ji hannunsa ya ƙi. Ni ma na ce ta tambayar mini shi abu ɗaya, ko matar ta buɗe ƙofar. Ya ce ba ta buɗe ba sai da gari ya waye. Ta tsaya da hannu a kan sakata tana jira ya ce wani abu don ta tabbata shi ne, bai ce ba. Da ta buɗe babu kowa sai ruwa a dokin ƙofa.

A hanyar komawa Hajiya ba ta ƙara zolayata ba. Ta ce in kaya sun zo za a ɗora buhu kan buhu a bar mini wurin kwana, a ga abin da Allah zai yi.

Washegari na ninke kwat ɗin na sa a leda don in mayar. Na shiga jirgin safe na fita waje inda iska take, babu kowa sai tsuntsayen ruwa. Na cire safar tsohuwar nan, na danna wayar na fara ɗaukar saƙon murya. Na ce Talatu ni ne, ban samu aiki ba, ki kira Auta ta zauna kusa. Na fara tun daga Ɗanliti da kekensa, na yi muryarsa, na yi ta batirin yana mutuwa. Jirgi ya kai gaɓa ina kan labarin Mount Hope. Aka sauke mu duka, na bi layi na sake shiga wanda zai koma, ledar na hammatata, yatsana na kan wayar, don a labarin ban ma iso cocin ba tukuna.